Lefe da Gara: Bikin Masu Hali a Ƙagaggun Labaran Hausa da Manomin Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta sa gaba shi ne duba yadda marubuta ƙagaggun labarai na Hausa suke kawo bikin aure na gidajen masu hali, da irin matsayin da bikin yake ba mutum, ko ya hana shi, a cikin labari. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jigon soyayya da auren dole a waɗannan littattafai. Amma shi bikin kansa, watau lefe da jere da gara da taron da ake yi, galibi manazarta sukan tsallake shi kamar yadda mai karatu yake tsallake shafin godiya. Mu kuwa muna ganin a nan ne marubuci yake tona ainihin ra'ayinsa game da dukiya, ko da bakinsa ya faɗi wani abu dabam.

Ba daga cikin birni za mu yi wannan kallo ba. Za mu tsaya ne a ƙasar noma ta arewacin Kano, wajen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa har zuwa Ɗambatta. Dalilinmu shi ne, ɗimbin masu karanta waɗannan littattafai, da masu sauraronsu idan ana karantawa a rediyo, a irin waɗannan garuruwa suke, kuma a can ana auna tsadar aure ne da damin gero da tunkiya da gona.

2.0 Mai Kuɗi da Yarinya: Tsohon Jigo

Tun daga littattafan farko da suka biyo bayan gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, attajiri ya shigo cikin zube na Hausa a matsayin mai ƙwace yarinya. A Jiki Magayi na John Tafida da East, Malam Shehu mai dukiya ne amma ba shi da ɗa, ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar da ƙarfin abin hannunsa. Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ɗan da aka haifa ya lalace, daga ƙarshe shi ya yi ajalin ubansa. Abin lura a nan shi ne, labarin bai daɗe a wurin biki ba. Hankalinsa duk yana kan sakayya, dukiya kuwa an ambace ta ne don a san dalilin zalunci.

Haka abin ya ci gaba har zuwa littattafan da Kamfanin NNPC ya buga a 1980, watau Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. A 1982 kuma Sulaiman Ibrahim Katsina ya ba mu Alhaji Gabatari a Turmin Danya, ɗan fasa-ƙwauri wanda kuɗinsa suka sayi mutuncin gari. To, wannan Alhaji shi ne kakan alhazan da suka cika littattafan da suka zo baya. Bambancin kawai shi ne, an kawo Gabatari don a ƙi shi, jikokinsa kuwa sau da yawa akan kawo su don a aure su.

Sauyin ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, har suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ya kamata mu riƙe wannan lokaci da kyau. A 1986 ne gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, atamfar Holan da ta Ingila suka fi ƙarfin ma'aikaci. Ke nan shafuffukan da suka fi ƙawata kayan aure an rubuta su ne daidai lokacin da kayan suka kuɓuce wa yawancin masu karatu.

3.0 Lissafin Lefe a Matsayin Salo

Duk wanda ya karanta littattafan soyayya goma zai gane tsarin. Da zarar an sa rana, labari yakan tsaya cik, marubuci ya buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya a gaban mai karatu: atamfa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza, takalma da jakunkuna mahaɗinsu, sarƙar gwal da aka sayo a Saudiyya ko Dubai, wani lokaci har da makullin mota a saman akwati. Sa'an nan a bi kwanakin biki daki-daki, daga kamu da sa lalle zuwa ɗaurin aure da walima da dina da kai amarya, a faɗi irin ankon da ƙawaye suka yi a kowace rana.

Wasu abokan aikinmu sun ɗauki wannan a matsayin rauni kawai, suna cewa cika shafi ne. Ba mu yarda da su gaba ɗaya ba. Lissafin yana da asali a al'ada. Idan aka kawo lefe gidan amarya, mata sukan taru a buɗe shi, a ƙirga, a ɗaga kowane turmi a gani, daga baya a zaga da shi gidajen dangi. Watau lefe abin nuni ne tun fil azal, tun yana kwandon kaba, wanda daga gare shi sunan ya samo asali, har ya koma fantimoti, ya koma saitin akwatuna. Marubuciyar da ta jera kayan nan tana yin aikin da 'yan ganin lefe suke yi ne, mai karatu kuwa an ba shi wuri a kan tabarma. Wannan salo na gida ne, ba a aro shi daga finafinan Indiya ba, duk da cewa Brian Larkin ya nuna a 1997 irin tasirin da waɗannan finafinai suka yi a kan zubin soyayyar kanta.

Inda muke da magana shi ne aikin da lissafin yake yi a cikin jigo. Bari mu ɗauki littattafai uku.

A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu kuɗi ce, Muhammad kuwa talaka ne mai ilmi da natsuwa. Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai dukiya, bai tsaya neman zuciyar yarinya ba, sai ya bi ta wajen kakarta. Da abin ya yi tsanani Sumayya ta faɗa rijiya, kuma wannan rijiya ita ce ta jawo wa littafin suka mai yawa a lokacinsa. Littafin yana gaba ne da karin maganar nan da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, kuma lalle ya yi ƙarfin hali. Sai dai mu lura, akushin nan bai bar zama akushi ba. Masoyin talaka ne aka ɗaga aka kai shi kusa da gidan masu hali, ba a taɓa tambayar yadda gidan ya zama na masu hali ba. Abin da aka soka shi ne kwaɗayin tsohuwa da girman kan manemi.

A littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa na 1994, an ƙara matsawa gaba. Taurarinta mata ne masu ilmin boko da na addini, masu tsafta da iya magana da iya zama da miji, kuma sakamakonsu shi ne gida na alfarma da miji mai wadata. A nan dukiya ta zama shaidar kyawun hali. Ba mu raina abin da Bilkisu ta yi wa 'yan mata na kwaɗaitar da su karatu ba, domin malamai da yawa sun yi wa'azin da bai kai inda littattafanta suka kai ba. Amma idan kowace mai haƙuri za ta ƙare a gidan bene, me za mu ce da mai haƙurin da ta ƙare a ɗakin azara? Labarin bai faɗa ba, amma mai karatu tana iya fahimtar cewa haƙurinta ne bai kai ba.

Balaraba Ramat Yakubu ita ce ta fi kowa sanin cewa lissafi yana da shafi biyu. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, kafin mu ga alherin da Alhaji Abubakar ya yi wa Saudatu, sai da muka zauna da uwarta Rabi, mai 'ya'ya tara, tana fama da kuɗin cefanen da ba ya isa, alhali mijinta Alhaji Abdu yana da rumfa a kasuwa kuma yana kashe wa Delu abin da ya hana iyalinsa. Mun ga an kore ta, mun ga ta koma sayar da abinci don ta riƙe yara. Saboda haka lokacin da arzikin Saudatu ya zo, mai karatu ya riga ya san nauyin kowace naira. Har ila yau Balaraba ba ta bar mu mu yi murna har ƙarshe ba. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai maza suka taru a kan Rabi ta koma ɗakinta, ba da son ranta ba. Matsayin da auren 'yarta ya ba ta bai ba ta ikon cewa a'a ba. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi gaskiya da aka rubuta a kan aure da matsayi a zube na Hausa, kuma ɗacinsa ne ya sa ya fi sauran daɗewa a zuciya.

Wannan ya kai mu ga wata magana ta M. G. Smith. A maƙalarsa ta 1959 a kan tsarin matsayi a ƙasar Hausa, ya bambance sana'ar gado, watau karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, watau shigege, ya kuma nuna cewa matsayin mata yana da nasa ma'auni dabam da na maza. A littattafan da muke magana a kansu an rushe wannan duka. Ba a cika tambayar asali ba, sai dai idan ana so a nuna muguntar uwar miji. Mace kuma tana hawa ne da hawan mijinta: jiya 'yar talla, yau Hajiya. Ko al'umma ce ta sauya marubuta suka bi ta, ko kuwa marubuta ne suka riga ta, wannan tambaya ce da ta cancanci takarda tata.

4.0 Abin da Ba a Gani Daga Tagar Marsandi

Yanzu sai mu koma inda muka ce za mu tsaya. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana ƙasar da ke kewaye da birnin Kano a matsayin wuri mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da wanda jakuna suke ɗaukowa daga birni. Polly Hill kuma, a littafinta na 1977 a kan karkarar Kano, ta nuna cewa manoman nan ba ɗaya suke ba: akwai masu manyan gidaje da gonaki da rumbuna, akwai waɗanda ba su da abin da zai kai su wata damina, kuma gona tana fita daga hannun na biyun zuwa hannun na farkon ta hanyar saye. Ke nan ƙauye yana da nasa masu hali. Akwai dagaci da hakimi, akwai mai sayen hatsi da kaka ya ɓoye sai bazara ya kai Dawanau, akwai falke, akwai ɗan gari da ya yi kuɗi a Kantin Kwari ya dawo ya gina gidan siminti a tsakiyar gidajen ƙasa.

A ina waɗannan mutane suke a cikin littattafanmu? Kusan babu su. Ƙauye a labarin soyayya wuri ne da ake baro shi. Daga can ake ɗauko 'yar aiki, can ake tura yarinyar da ta gagara, daga can ne kuma kyakkyawar Bafilatana take fitowa motar Alhaji ta tsince ta. Idan 'yan ƙauye suka zo bikin birni, an kawo su ne don a yi dariyar yadda suke kallon fitilu da yadda suke cin kaza. Ko Balaraba, a Wa Zai Auri Jahila? na 1990, inda ta kawo mai kuɗin karkara na gaske, watau Sarkin Noma, dattijon da aka aura wa Abu bayan an cire ta daga makaranta, ta kawo shi ne a matsayin abin gudu, kuma tsirar Abu ita ce ta shiga birni ta koma karatu. Ba mu ce ta yi ƙarya ba, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙaramar yarinya, ta san abin da take faɗa. Abin da muke cewa shi ne, mun ga zaluncin Sarkin Noma a ɗakin amarya, amma ba a zaga da mu gonakinsa ba, balle mu san na wa ne a da.

Babban giɓin da muke gani shi ne na gara da kayan ɗaki. Lefe daga gidan ango yake fitowa, shi ya sa yake da daɗin rubutawa, kyauta ce ta sauko wa yarinya. Amma Bahaushe ya san kowane lefe bashi ne. Gwargwadon akwatunan da aka kawo, gwargwadon abin da za a sa ido a gani a ɗakin amarya ranar jere, gado da katifa da kabet da kwanoni, da kuma garar da za ta biyo baya, buhunan hatsi da shinkafa da mai da alkaki da nakiya da dubulan. Wannan nauyi a kan iyayen amarya yake, musamman uwa. Ita ce take tara kwano tun yarinya tana goye, da kuɗin ƙuli-ƙuli da fura da tallan da yarinyar take yi, da adashi, da kuma biki, watau gudummawar da mata suke yi wa juna wadda ake mayarwa da ƙari idan na mai bayarwa ya tashi. Barbara Cooper, a bincikenta na Maraɗi da ya fito a 1997, ta nuna cewa kayan ɗakin amarya shaida ce ta yawan mutanen da uwa take da su. Idan kuwa abin ya fi ƙarfin uwa, sai uba ya sayar da ragon da aka yi kiwo, ko ya buɗe rumbu tun da kaka lokacin da hatsi ba shi da daraja, ko ya ba da gona jingina. A ƙasar da gona ta riga ta tsattsage saboda rabon gado, jingina ɗaya tana iya mai da magidanci ɗan ƙwadago.

Kada mu manta kuma, gyaɗa ce take aurar da 'ya'yan manoman nan a da. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun karya wannan hanya, a daidai shekarun da kuɗin man fetur da na Udoji suka kwararo birni suka ɗaga ma'aunin biki. Wannan labari ne mai tauraro da abokin gaba da tashin hankali, amma har yanzu marubutanmu sun fi son su bi motar da ta kawo lefe ta koma birni, maimakon su kwana a gidan da aka sauke shi. Shari'a dai rubu'in dinari ta sa a matsayin mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, kuma da Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, abin da gwamnati ta ɗauke wa ma'aurata bai tsaya a sadaki ba, har da kayan ɗaki. Hukuma ta gane inda gizo yake saƙa kafin adabi ya gane.

Wannan makanta ba tamu ce mu kaɗai ba. Jane Austen ta Ingila, a littafinta na 1813 a kan auren 'yan mata biyar na gida ɗaya, takan faɗi abin da kowane manemi yake samu a shekara, kamar yadda namu suke ƙirga turamen atamfa. Raymond Williams kuwa ya nuna a 1973 cewa idonta yana ganin manyan gidaje da masu ziyartar juna, amma ba ya ganin waɗanda suke noma filayen da kuɗin suke fitowa. Sai dai ita tana yi wa masu halin nata dariya a ƙasa-ƙasa, abin da ya yi ƙaranci a wurin namu, waɗanda galibi suke tsayawa a bakin ƙofar zauren biki baki buɗe.

5.0 Wata Gardama

Za a ce mana wannan magana ta koma ga tsohuwar muhawarar nan ta shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tashi ya kare su. Ba can muka nufa ba. Ba ma cikin masu cewa littattafan ne suka kawo tsadar aure, domin mawaƙa da masu wa'azi sun koka da ita tun kafin a haifi marubutan. Ba ma kuma tare da waɗanda suka ƙona littattafai a Kano a 2007, wuta ba ta taɓa gyara zubi da tsarin labari ba. Yarinyar Minjibir da ta karanta labarin akwati goma sha biyu ta san ba nata ba ne, kamar yadda kakarta ta san ba za ta auri ɗan sarkin tatsuniya ba.

Duk da haka akwai bambanci, kuma shi ne ya hana mu sakin jiki. Tatsuniya tana buɗewa da gatanan gatananku, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an fita duniya an dawo. Littafin soyayya kuwa yana kiran sunan unguwa ta gaske, Nasarawa ko Bompai, da sunan mota ta gaske da atamfa ta gaske, sa'an nan ya buɗe da sunan Allah ya ce faɗakarwa yake yi. Wanda ya yi da'awar faɗakarwa, dole a tambaye shi abin da ya bari bai faɗa ba.

Akwai wani aiki da muke roƙon mahalarta wannan taro su sa ɗalibansu. A tattara jerin lefe da na gara kamar yadda suka zo a littattafai daga Budurwar Zuciya na 1987 zuwa waɗanda ake rubutawa a wayar hannu, a jera su shekara-shekara, a ƙirga shafi nawa aka ba lefe, layi nawa aka ba gara. Sa'an nan ɗalibin ya tafi kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi bayan an gama girbi, ya tsaya a layin masu gado da katifa da kwanoni, ya tambayi dattawan da suke ciniki a wurin abin da suka sayar kafin su zo.